Kafin Masu Duba Su Iso Bariki

Ɗana,

Labari ya iso gida cewa bataliyarku na cikin waɗanda za a tura aikin kiyaye zaman lafiya, kuma kwamandanku ya ɗora maka nauyin shirya mutane da kaya kafin masu tantancewa su iso. Na yi murna ƙwarai, Allah ya taya ka riƙo. An ce mini kwanakin nan barci ya yi maka wuya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuto. Ni baffanka na daɗe da ajiye kaki, na kuma san aikin ya sauya, abin da muke cikawa da biro yanzu a kwamfuta kuke cika shi. Amma bindiga ba ta daina tsatsa ba, taya ba ta daina sacewa ba, ɗan'adam kuma bai daina son a yabe shi ba. A kan waɗannan nake so mu yi magana.

Ka san gidan da ka fito. Tun da Turawa suka kafa rundunar Gold Coast Constabulary a 1879, wadda ta zama Gold Coast Regiment a 1901, masu jin Hausa ne ƙashin bayanta. Da Hausa ake ba da umarni a filin fareti, taken rundunar ma da Hausa aka rubuta shi: Kullum Shiri. Kakanninmu da suka dawo daga yaƙin Bama, da yawansu a zangunan Accra suka sauke kaya, shi ya sa tsohon soja ba baƙo ba ne a Nima da Maamobi. Bayan 'yanci sojan Ghana ya je Kongo a 1960. Janar Emmanuel Erskine shi ne ya fara jagorantar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Lebanon a 1978. A 1994 kuma, da wasu ƙasashe suka kwashe sojojinsu daga Ruwanda ana tsakiyar kisan kiyashi, Janar Henry Kwami Anyidoho da mutanensa sama da 400 suka tsaya. Gadon wannan suna ka yi, kuma masu duban da za su zo sun san shi. Sai dai abin da suka tarar a sitonka shi za su rubuta a takardarsu.

Bari in tuna maka yadda tsarin yake, domin wanda ya san dalilin awo ba ya tsoron ma'auni. Tun 1996 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara cewa ƙasar da ta ba da soja ita za ta zo da kayanta, motoci da janareta da tantuna da injin tace ruwa da kayan asibiti. Ana rubuta komai a yarjejeniya, sannan Majalisa ta riƙa biyan ƙasar gwargwadon abin da aka tabbatar yana nan kuma yana aiki. Kafin ku tashi za a zo a gan ku a gida. Idan kun sauka can, cikin wata guda za a ƙirga kayanku. Daga nan duk wata uku rahoto na tafiya New York, aƙalla duk wata shida a yi babban duba na shirin aiki, ranar dawowa kuma a sake ƙirgawa. A motoci ƙa'idar ita ce kashi 90 cikin 100 su kasance lafiya suna aiki. Tun 2013 aka ƙara da cewa idan manyan kaya suka ɓace ko suka lalace har rahoto biyu a jere, za a zaftare daga kuɗin da ake biyan ƙasa a kan sojojin kansu. To ka gani, wanda ya yi dabara ya tsallake duban gida, ɗage kunyarsa kawai ya yi zuwa ƙasar da ba shi da maƙwabcin da zai rufa masa asiri.

Tambayi tsofaffin matan layinmu zamanin da duba-gari, waɗanda muke kira 'yan tankas, suke zagaya gidaje da ludayi suna leƙa randa. Da an hango su sai yara su ruga da labari, gida ya kaure da guje-guje: a zubar da tsohon ruwa, a share tsakar gida, a tura shara bayan ƙyaure. Irin wannan gida yakan tsira daga sammaci, amma zazzaɓi ba ya barin yaransa. Akwai kuma gidajen da ba a taɓa ganin sun yi wannan guje-gujen ba, domin randarsu kullum a wanke take a rufe, ko tankas ya zo ko bai zo ba. Irin gida na biyu nake so rukuninka ya zama. Na san lokacin da ya rage maka ba shi da yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko a cikin 'yan makonni mutum na iya zaɓar wane irin shiri zai yi.

Jarabawar da za ta fara zo maka ita ce ta aro. Mai kawo ta ba maƙiyinka ba ne, sau da yawa mai ƙaunarka ne. Zai matso ya rage murya ya ce: ranka ya daɗe, batir huɗu muka rasa, maƙwabtanmu suna da su, mu aro na kwana biyu, in baƙi sun tafi mu mayar. Haka za a ce a kan jak, da safayar taya, da tukunyar kashe gobara, da akwatin magani. Na taɓa zama a wurin da aka yi haka. Kaya ɗaya ya yi ta yawo daga layi zuwa layi yana gaba da masu duba, kowa ya ci jarabawa, aka yi ta gaisawa ana murna. Ba a daɗe ba mota ta tsaya da yara cikin daji da dare, taya ta fashe, babu jak babu safaya, alhali takarda ta ce akwai. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma har yau ina tuna fuskokin yaran da gari ya waye. Sun gane cewa wani ya sa hannu a kan ƙarya, kuma su aka tura su biya. Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Manyan da ke hedikwata ba sa zuwa sitonka, takardarka suke karantawa, da ita suke raba kuɗi da kaya. Idan ka rubuta cewa komai ya cika, ka rufe wa kanka ƙofar nema. Batir ɗin da za a aiko maka sai a kai wa wanda ya yi ƙarfin halin cewa ba shi da shi. Giɓin da aka rubuta shi kaɗai ake iya cikewa. Saboda haka ka zauna ka jera abin da babu, da abin da ya lalace, da ranar da kuka nema, da lambar takardar nema, da dabarar da kuke yi kafin ya iso. Ka shiga da ita ofishin kwamanda tun yanzu, ku biyu, cikin ladabi, kada ka bari ya fara jin labarin daga bakin baƙo a gaban jama'a. Mai yiwuwa ransa ya ɓaci a ranar. Babban da ya san aiki zai huce, kuma daga ranar zai san cewa idan ka ce masa abu yana nan, yana nan. Idan kuwa aka matsa maka ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba, ka ce a ba ka dama ka je ka gani tukuna. Ba ka yi wa kowa rashin kunya ba, ba ka kuma sayar da sunanka ba.

Ka yi wa kanka duba kafin a yi maka, kuma ka yi shi ta fuska biyu. Ɗauki kundi ka je wurin kaya, ka ga ko abin da aka rubuta yana nan. Sannan ka juya, ka ɗauki kaya ka koma kundi, ka ga ko an rubuta shi. Ta hanya ta biyu ake gano abubuwan da ke ajiye ba mai su, waɗanda in sun ɓace ba wanda zai sani. Bindiga da lambarta ake ƙirga ta, ka karanta lambar da idonka a jikin ƙarfen, kada wani ya karanto maka daga nesa. Mota kuwa da sassafe ake gwada ta, injin na sanyi, kafin wani ya riga ka ya ɗumama ta ko ya tura ta. A tayar, a zagaya da ita, a taka birki, a kunna fitilu, a leƙa ƙasa a ga ko mai na ɗiga. Janareta a ɗora masa nauyi ya yi awa yana aiki. Rediyo a raba mutum biyu nesa su yi magana.

Ka kula da littafin kowace mota, wanda ake rubuta tafiya da mai da juyen baƙin mai. Idan an yi wata uku ba a cika shi ba, kada ka sa kofur ya kwana yana cikewa. Masu duban nan tsofaffin hannu ne. Shafi talatin da biro ɗaya, da rubutu ɗaya, ba ɗigon mai ba lanƙwasa, sun san a dare ɗaya aka haife su, kuma daga nan ba za su ƙara yarda da ko takarda ɗaya taka ba, har da na gaskiya. Ka ja layi, ka rubuta cewa daga rana kaza zuwa rana kaza ba a cika ba, ka sa hannu, a fara cikawa daidai daga yau.

Fenti da farar ƙasa a jikin duwatsu, da gugar kaki, da ƙyallin takalmi, a yi su, soja ba ya zama da ƙazanta. Amma kwana ɗaya ya ishe su.

Inda nake so ka daɗe shi ne wuraren da manya ba sa son zuwa. Na farko ma'ajiyar albarusai. A ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja a Legas ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi, mutane sama da 1,000 suka mutu, yawancinsu a cikin magudanar ruwan da suka faɗa suna gudu, da yara da yawa a cikinsu. Ba abokin gaba ne ya yi wannan ba. Ka je ka ga yadda aka jera akwatuna, ko an raba abin da bai kamata ya haɗu ba, ko tsoho ya cakuɗe da sabo, ko iska na shiga, ko an nome ciyawar da ke kewaye, ko tukunyar kashe gobara na da abu a cikinta. Tambayi mai gadi abin da zai fara yi in ya ga hayaƙi.

Na biyu, kuma kada ka raina shi, ruwan sha da bayan gida. A Oktoban 2010 kwalara ta ɓarke a Haiti, ƙasar da ta daɗe ƙwarai ba ta ga cutar ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Nepal ta fito, kusa da garin Mirebalais, inda ƙazantar bayan gida ta malala cikin rafin da ke zuba a kogin Artibonite, wanda talakawa ke sha suna wanka. Mutane kusan 10,000 suka mutu, ɗaruruwan dubbai suka kwanta. Sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti. Sojojin nan sun je ne don su kare mutane. Bindigoginsu ba su kashe waɗannan bayin Allah ba, bututu da rami ne suka kashe su, abin da wani ya wuce ta gefensa yana toshe hanci bai tsaya ya duba ba. Kai da ka tashi kusa da babbar kwatar Nima, ka ga abin da ruwan sama ke kwasowa ya shigar gidajen mutane, ka kuma ga kwalarar 2014 da ta kwantar da dubbai a Accra, bai kamata wani ya koya maka wannan ba. Ka san inda ƙazantar sansaninka take tafiya tun daga rami har inda za ta ƙare. In ɗan kwangila ne ke kwashewa, ka sa a bi motarsa a ga inda yake zubarwa. Ka san wanda ke auna maganin ruwa, da sau nawa, da inda yake rubutawa. Ka shiga kicin ka buɗe firji, ka duba hannun masu dafa abinci da takardar lafiyarsu. Mu da aka koya wa tsarki tun kafin mu iya karatu, abin kunya ne a same mu da sakaci a nan.

Akwatin magani kuma ka zazzage shi ƙasa, ka karanta ranar lalacewar kowane abu. Ƙa'idar Majalisa a kan wanda aka raunata ita ce a tsayar masa da jini cikin minti 10, ya isa hannun ƙwararrun ceto cikin awa 1, a shiga da shi tiyata cikin awa 2. Minti goman farko ba likita a wurin, sai abokinsa da ke kusa da shi. Don haka kowane kurtu ya iya ɗaure jijiya da hannunsa, a cikin duhu, a jikin wani da kuma a jikin kansa.

Wannan ya kawo ni ga mutanen kansu, waɗanda su ne ainihin abin da ake dubawa. A Disambar 2017 wani janar ɗan Brazil, Carlos Alberto dos Santos Cruz, ya miƙa wa Majalisa rahoto kan yawan kashe sojojin kiyaye zaman lafiya, ya nuna ƙarara cewa wasu rundunoni na zuwa ba tare da horo da kayan da suka dace ba, ya kuma nemi a tsaurara tantancewa kafin a tura kowa. Shi ya sa mai duba na yanzu ba ya tsayawa a kan hafsa. Zai wuce ka ya tsaya gaban ƙaramin soja a ƙarshen layi, ya tambaye shi yaushe aka yarda ya yi harbi, me zai yi in ya ga yaro da bindiga, wa zai gaya wa in ya ga abokinsa na lalata da matan gari. Kada ka haddatar da su amsa kamar karatun allo. Wanda ya haddace, da an juya tambayar ya ɓata. Ka zaunar da su ƙungiya-ƙungiya bayan atisaye, ka kawo misali, su yi gardama a kai. Wanda Turanci ya yi masa nauyi, a warware masa da Hausa ko Twi ko Dagbani har ya gane, sannan a koma Turancin. Jin harsuna da Zango ya ba ka kyauta, ga ranar amfaninsa.

Maganar mata ka yi ta da bakinka, kada ka bar wa takardar da aka manna a bango. A Fabrairun 2018 an janye 'yan sandan Ghana 46 daga Wau a Sudan ta Kudu bisa zargin lalata da matan da aka ba su amanar karewa, duniya duka ta ji. Matar da yunwa ta koro sansani ba ta da zaɓi, wanda ya yi amfani da yunwarta ya ci amana, ko da kuɗi ya ba ta. Ka gaya musu haka a fili, ka kuma gaya musu ba za ka rufa wa kowa ba.

Akwai takardun da ba kowa ke damuwa da su ba sai ranar kuka: sunan magaji, lambar wayar gida, rukunin jini, katin allura, da yadda za a riƙa tura wa iyali kuɗi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar da wanda ya yi aure bai sauya suna ba, da wanda lambar da ya bayar ta mutu tun bara. A cikin yaran nan akwai waɗanda iyayensu mata ke sayar da waakye da koko a bakin titin Maamobi, sun san ka, sun san gidanku. In wani abu ya faru, ba bariki za su fara zuwa ba, ƙofar gidanmu za su zo.

Kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Samanjanku ya ga duba iri-iri tun kana makaranta, mai sito ya san abin da ke ƙarƙashin kowane tamfol, makanike ya san motar da ke tari da wadda ke ciwon gaske. Ka same su a wurin aikinsu, ka gaishe su da girmansu, ka tambaye su abin da suke tsoron a gani. Ba za su faɗa ba sai sun tabbata faɗar ba za ta zama bulala a bayansu ba. In mutum ya kawo maka matsala da kansa ka hukunta shi, ka koya wa sauran su ɓoye. Hukunci na wanda ya ɓoye ne. Ka kuma bar yara su yi barci, su ci abinci a kan lokaci, mai salla ya yi salla, mai zuwa coci ya je. Sojan da aka hana barci kwana uku saboda shara, ranar duba ko sunan bindigarsa sai ya manta.

Ranar da suka iso, ka karɓe su kamar baƙi, ruwa da wurin zama, ba fiye da haka ba. Kada ka shirya wata kyauta, tana zubar da mutuncinka da nasu. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa. In ba ka da amsa a take, ka ce a ba ka zuwa la'asar, ka kuma kawo ta kafin la'asar. Motar da ta lalace ka kai su wurinta da ƙafarka, ka nuna takardar neman kayan gyaranta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sun ga laifi a wurin yaronka, kada ka tsawata masa a gabansu don ka wanke kanka, ka ce naka ne, ku yi maganar daga baya. In kuma sun rubuta abin da ba daidai ba, ka nuna hujja cikin natsuwa kafin a sa hannu, domin hakkinka ne, kuma kuɗin ƙasa ne ke tafiya a kan wannan layin.

Bayan sun tafi za ka ga kowa ya saki jiki, ana so a jefa rahoton a durowa. Ka ba yara hutun da suka cancanta, sannan ka fito da shi. Kowane giɓi a rubuta masa sunan mutum ɗaya da rana ɗaya, ka riƙa bi duk mako har a rufe shi. Ka sa samanja ya ci gaba da ɗan ƙaramin duba na ba-zata, yau sito, jibi kicin, wani makon motoci, har ya zama ba wanda ke jin faɗuwar gaba in an ce ana zuwa. Idan Allah ya kai ku ƙarshen zangonku kuka zo miƙa wa bataliyar da za ta canje ku, ka ja wanda zai gaje ka gefe ka gaya masa motar da birkinta ke wasa, da janaretan da ba ya son zafin rana, da ramin da ke cika in an yi ruwa, ko da takardar miƙawa ba ta tambaya ba.

Ka gaishe mini da samanjanku da kyau. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku cikakku.

Baffanka.